Muryar Innar Atine da Saitin da Yaya Ya Sauya

Malam Lirwanu, don Allah ka taimake ni da shawara, wallahi na gaji.

Ina gyaran waya a Gummi, a shagon yayana. Kwamfuta ɗaya gare mu. Shi yana buga takardun neman aiki da katin ɗaurin aure, ni kuwa idan fayil ya lalace nakan buɗe cikinsa da wata manhaja mai baƙin allo, wadda ba ta motsi sai ka buga mata umarni. Tun tuni na saita ta yadda ba za ta ƙara ko ɗigo a fayil ba, kuma sai ta ajiye kwafi kafin ta adana gyara. Ashe kwafin nan suna damun Yaya, wai tarkace ne. Ya kalli wani bidiyo, ya shiga saitin ya kashe su, ya kuma sa ta riƙa karya dogayen layuka don rubutunsa ya yi tsaf. Bai gaya mini ba.

Sai ga wata baiwar Allah, Atine, daga Zugu da memorin wayarta. Muryar innarta ce a ciki, nasihar da ta yi mata kafin ta rasu, kuma ta daina buɗuwa. Gyaran bai wuce sauya 'yan lambobi a farkon fayil ba. Na sauya, na adana. Manhajar ta ɗauki muryar tsohuwa tamkar takardar neman aiki, ta kakkarya ta. Na nemi kwafi, wayam.

Yaya shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ko ido ba na haɗawa da shi, ta yaya zan ce masa shi ya jawo? Ita kuma duk ranar kasuwa sai ta bar yaranta, ta hau babur ta biyo hanyar nan da 'yan bindiga ke tarewa, ni kuma in ce mata ta dawo wani makon. Ko tuwo ba ya mini daɗi.

Gajiyayye, Gummi

Sannu ɗan'uwa, Allah ya yaye maka.

Yayanka bai yi don mugunta ba, shara ya ga ya share. Kai ma kana da naka kason: amanar mutane ba a taɓa asalinta sai an kwafe ta da hannu, komai yardarka da saiti. Don haka ba ƙara za ka kai masa ba. Ka same shi shi kaɗai, ka fara da naka kuskuren, sannan ka roƙe shi kowa ya buɗe nasa sashen a kwamfutar, da nasa saitin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Memorin kuwa ka cire shi, kada a sake adana komai a kai. Mai yiwuwa wani gwanin dawo da abin da aka goge ya tsinci tsohon fayil ɗin, amma kada ka yi alkawari. A kuma tambayi danginta, ko an taɓa tura wa wani muryar.

Amma kafin duk wannan, ka kira Atine yau, ka gaya mata gaskiya. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi maka faɗa, ka daure. Kunyar da kake ji ba ta kai ran mutum ba. Ita muryar uwa take nema a wurinka. Kada jinkirinka ya sa yaranta su rasa tasu uwar gaba ɗaya a kan hanya.

Allah ya jiƙan Inna, ya tsare matafiya, ya ba ka ƙarfin hali.