Ruwan da Ya Kashe Kariyar Inna

Jambutu, Garwa

Zuwa ga Yaya Hanzala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya sassauta muku zafin Kuseri, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Ƙanwarmu Rabi'atu ta sauka lafiya a Marwa, an samu Bukar. Na zauna mata jego har ta yi arba'in, shekaranjiya na dawo.

Yaya, nemi wuri ka zauna. Kariyar Inna ta mutu. 'Yar bishiyar nan da marigayiya ta haƙo daga dajin Tuboro tun muna yara, wadda ko shekarar da rijiyoyi suka ƙafe sai da ta yi jan furenta! Ina shiga gida na tarar rassan sun langaɓe. Na taɓa gindin nan nata mai kama da tulu, sai yatsana ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. Ƙasar wurin kuwa caɓal, a tsakiyar bazara. Na zauna daɓas ina salati.

Ka tuna maƙwabcinmu Alphonse, malamin sakandaren lise, ɗan Kudu? Shi na bar wa makulli ya riƙa leƙa gidan. Ya shigo yi mini sannu da zuwa, niƙi-niƙi da bidon, jarkar ruwansa. Wai ya ga itacen babu ganye ko ɗaya, a garinsu kuma itacen da ya zubar da ganye ƙishi ke kashe shi, shi ya sa yake ba kariyar ruwa safe da yamma. Ka ji fa! Itacen da Inna ke hana mu zubar da ko ruwan alwala kusa da shi. Abin da ya fi girgiza ni, famfon unguwa ya daɗe da ɗaukewa. A babur yake ɗauko ruwan daga nesa, kuma sai ya shayar da ita kafin 'ya'yansa su yi wanka, don na taɓa gaya masa ta uwarmu ce. Ya tambaye ni ko ruwan ne bai isa ba. Na ce masa kwananta ne ya ƙare, na yi godiya.

Reshe ɗaya ya rage da ƙwari. Na yanke shi, na shafa wa bakin toka, na ajiye a inuwa ya sha iska kafin in dasa shi cikin yashi. Alphonse na ganinsa ya rantse wannan karon ba zai bari ya yi ƙishi ba. Nan na ga in na ci gaba da kunya, shi ma reshen ya tafi. Na gaya masa gaskiya, cewa ruwansa ne ya kashe ta. Ya daɗe yana kallon gindin, sannan ya ɗauki bidon ɗinsa cike ya fita. Tun daga nan ban ƙara jin sallamarsa ba, ni kuwa na kasa barci.

Ka gaishe mini da matarka Achta, da Abdelkerim, da Goni Mukhtar. Ku taya ni addu'a reshen ya kama, Alphonse kuma ya dawo.

Taka ƙanwa,
Ruƙayya