Tandarki a Bangon Zaure

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke na yi wani abu, wanda da kina nan sai kin ce na cika fi'ili.

Tun da kika rasu abu ɗaya ke damuna. Kaduna garin baƙi ne, yau a kawo ma'aikaci, gobe a ɗauke shi. Ina tsoron ranar da za a ambaci sunanki a Unguwar Sarki a ce wace ce. Ga shi ko hoto ba ki yarda an ɗauke ki ba.

Wani Bature a ofishinmu ya ce su mutum-mutumi suke sassaƙa wa mamaci. Na je wa limaminmu da maganar, kallo ɗaya ya yi mini na nemi takalmana. Sai na ɗauko magini daga Zariya, irin masu fito da keke da agogo a jikin bango, na ce ya fito mini da tandarki ta waina a gefen ƙofar zaure.

Ya yi ta tsaf, kowane gurbi cif. Ƙanwarki Asabe ta leƙo, ta ce wannan ba taki ba ce, ta wata marowaciya ce. Tun laka na ɗanye ta sa bakin ludayi ta ɓantare gurbin gefe. Magini kamar ya yi kuka, ni kuwa dariya har da hawaye.

Ashe na manta da ɓantararren gurbin nan na tandarki. Wainarsa kullum a karkace take fitowa, ba kya sayarwa, sai ki miƙa wa duk yaron da ya tsaya yana haɗiyar yawu. Da na kama aiki na ce zan sayo miki sabuwa, kika ce, "In ta gyaru, me zan ba su?"

Jiya wani ƙaton ɗan sanda ya jingine kekensa a ƙofar gida, har gabana ya faɗi. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya sa yatsa a ɓantararren gurbin ya ce, "Daga nan na ci." Ya ɗaga hannu ya yi miki addu'a. Ni ban san shi ba, Inna, amma shi ya san ki. 

Allah Ya kai haske kabarinki, Ya ciyar da ke a Aljanna kamar yadda kika ciyar da 'ya'yan mutane.

Autanki mai kewarki,
Sule