Akwatin Jirgin da ke Shagonka na Ogui

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Ni ce Rabi, autarka. Mama na nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Na rubuto ne saboda wani abu ya ɗaure mini kai, kuma wanda ya kamata in tambaya kai ne, ga shi shekara shida ke nan ba ka nan.

Ka tuna akwatin gem ɗin nan da wani ya kawo gyara shagonka na rediyo a unguwar Ogui, a Inugu, bai sake dawowa ba? Dogo, ya fi ni tsawo a lokacin. Mariƙi ɗaya, maɓalli biyu. Ƙaramin jirgin yaƙi yana ta tafiya sama, teku na zamewa a ƙarƙashinsa, jiragen abokan gaba na zubowa sahu-sahu. Maɓalli ɗaya na harbi ne, ɗayan kuma jirgin ya yi alkafura ya kauce wa harsashi. Kullum bayan la'asar sai Papa Nkechi, telan da ke maƙwabtaka da kai, ya kashe kekensa ya shigo. Ku yi ta karɓa-karɓa, yana ihu da Ibo, kana mayar masa da Hausa. In ya faɗi sai ka ce, "Oga, ka cika gaggawa. Duba inda za su fito, ba inda suke ba."

Da wannan maganar nake cin abinci yau, Baba. Ina zanen wasannin waya a wani ƙaramin kamfani a Fatakwal. Duk abin da nake koya wa abokan aikina daga akwatin nan na ɗauko shi: kada maɓalli ya yi yawa, a bar mutum ya ga haɗari kafin ya iso shi, a ba shi ƙofar tsira ko da ƙarama ce. Da na girma na karanta cewa mutanen ƙasar da ake kakkaɓo jiragenta a cikin wasan su ne suka ƙera shi. Na yi mamaki, na wuce.

Watan jiya aka ce mu yi irinsa, amma namu na gida: jirgi a kan kogin Neja, lokacin yaƙin basasa. Aka damƙa mini aikin. Na je gida Inugu in sake duba akwatin, yana nan a zaure an lulluɓe shi da tsohon zane. Ina ba Mama labari, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "Ashe bai taɓa gaya miki ba." Ta ce kafin ka zama mai gyaran rediyo, makaniken sojan sama ne kai. Jiragen da suka yi ta shawagi a kan garuruwan nan lokacin basasar, da hannunka kake ɗaure musu kayan yaƙi kafin su tashi.

Baba, na zauna a ƙasa. Kai da ko ɓera ba ka bari a kashe a gabanka.

Washegari na je wurin Papa Nkechi. Ya tsufa, ido ɗaya ya tafi. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in tambaye shi ko ya sani. Ya ce, "I sabi since," wato tuntuni ya sani. Wai ranar da akwatin ya fara kawo wuta ka kira shi, ka gaya masa komai a tsaye, sannan ka matsa ka ba shi mariƙin. Shi kuma a ranar ya gaya maka cewa jirgi ne ya kashe ƙanwarsa a kasuwar ƙauyensu, ta je sayar da rogo.

Na ce to me ya sa ya ci gaba da zuwa, shekara da shekaru? Ya ce shi ma bai sani ba. Ya ce wata rana yana zuwa ne don ya kayar da kai, wata rana don kada ka zauna kai kaɗai.

Na ɗauka zai ce kada in yi wasan. Sai ya ce in na gama in kawo masa ya gwada.

Yanzu ga ni a Fatakwal. Na zana sama, na zana kogin, na zana jirgin. A tsohon wasan ba kowa a ƙasa, ruwa ne kawai. A namu kuwa akwai gari, kuma an ce ranar Litinin in kawo zanen abin da zai kasance a ƙarƙashin jirgin. In na bar shi wayam na yi ƙarya. In na sa mutane, ban san wa zan ba maɓallin ba. Ban san ko fushi nake yi da kai ba, Babana, ko kewarka ce ta ƙaru. Sau biyu na ɗauki waya zan kira lambarka.

Allah ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ka ɓoye mana, ya haskaka kabarinka, ya yi maka sauƙi ranar tambaya. Kafin in fito daga wurin Papa Nkechi na tambaye shi sunan ƙanwar tasa. Uloma. Ya ce kai ma a ranar ka tambaya.

'Yarka,
Rabi