Kwanon Baban Auta

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

Yau ma kwanon maigidana, Baban Auta, ya dawo da saura. Shekara da shekaru yana fita ciyayya gindin darbejiyar ƙofar masallaci, shi da su Malam Ɗayyabu da Ya'u, kowa ya fito da kwanon gidansa bayan magariba a haɗu a ci. A da kwanona ne ke fara komawa gida a suɗe. Yanzu sai ka ce maɗaci na zuba. Na san miyar kuka ce kullum, ba mai, ba kifi. To me zan sa a bazarar nan? Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya daina zuwa kamun kifi, kogin Wudil ya manta da gidanmu.

Don haushi ko leƙa kwanon ba na yi sosai, sai in tura wa yarana, Radiyya da Auta. Su ko a jikinsu.

Juma'a, 3 ga Mayu

Na shiga kasuwa da la'asar sakaliya, lokacin da masu bandar kifi ke tattara kaya, na samo ɓurɓushin ƙasan kwando. Na daka shi da daddawa, na kaɗa busasshiyar kuɓewa. Mai kaurin duk na kwashe masa. Ni da yara muka ƙara ruwa a tukunya muka ci da abin da ya samu. Fitar nan ita kaɗai ta rage masa a duniya, ba zan bari ya buɗe kwano a gaban maza ya sunkuyar da kai ba.

Ya dawo da saura. Na ce, "Wai gishiri ne ya yi yawa?" Ya ce, "Cikinsu ne a cike, Juwai." Bango yake kallo.

Asabar, 25 ga Mayu

An yi ruwa. Allah ka fito mana da tafasa da wuri.

Laraba, 19 ga Yuni

Bana ba mu yi layya ba. Naman da aka aiko mana na soya shi ƙarau na rufe a gwangwani, kullum yanka ɗaya a kan tuwonsa. Auta yana bin cokalin da ido, ina yin kamar ban gani ba. Da aka dawo da kwano naman yana nan yadda na ɗora shi. Har nama ma ba a cin nawa. Na shiga ɗaki na yi kukana, ni da mata ke aiko wa tambayar yadda nake haɗa miya.

Talata, 9 ga Yuli

Ganye ya rufa mana asiri. Tafasa a bayan gari kyauta, ramar da na yafa gindin katanga ta kai tsinka. Na dafa, na matse, na daka ƙuli-ƙuli da barkono, na yanka albasa rabi. Ƙanzon da nake shanyawa na jiƙa shi na haɗa. Duk garin nan a nuna min mai kwaɗon da ya fi wannan.

Baban Auta ya ce in kabewar da ta hau katanga ta nuna in yi masa taushe. Na ce sai ya biya ni kuɗin aiki. Ya yi dariya da rabin bakinsa.

Alhamis, 25 ga Yuli

Tuwon dawa na tuƙa, ja. Da kwano ya dawo, ni na buɗe da kaina zan rage na ɗumame. A ƙarƙashin malmalata sai ga farin tuwon shinkafa, har da fiffiken kaza. Rabon tukunyata da shinkafa tun azumi. Radiyya ta ce, "Umma, ai kullum haka ne. Na ɗauka kin sani."

Ashe ba ƙin abincina suke ba. Taɓawa kawai suke su bari, su cusa nasu a ƙasa, don sun san abin da ya dawo shi yarana ke ci. Wato duk unguwa an san tukunyata. Wato Indo matar Malam Ɗayyabu tana zuba shinkafa tana cewa wannan na gidan Juwairiyya ne.

Na same shi na ce, "Bara ka koma yi mana?" Ban so kalmar ta fita ba, amma ta fita. Can ya ce, "Shekarar da gobara ta cinye shagon Ya'u, kin tuna nakan ce ki ƙara malmala? Ina kike zato take zuwa?" Na tuna. A lokacin cinsa na ɗauka ya ƙaru, har tsiya nake masa.

Na ce shi Ya'u ne, ni ni ce. Na kife kwanon a kan rumfa.

Asabar, 3 ga Agusta

Tun ranar ban zuba ba, shi kuma ba ya fita hannu rabbana. Daga masallaci sai ya ja ƙafa ya wuce su, ya zauna a tabarmar tsakar gida yana jin hirarsu ta katanga. Yara sun daina neman ƙari, sun san babu. Auta wuyansa ya fito.

Talata, 13 ga Agusta

Na sauko da kwanon na wanke, na zuba faten tsaki da yakuwa, na ajiye kusa da sandarsa. Ya ɗauka ya fita. Da ya dawo na miƙa wa yara. Ni dai ban sa hannu ba, kuma ba zan sa ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ranar Alhamis da hantsi Baban Auta ya cika. Ba zan iya rubutawa ba. Kabewar ba ta ko gama nuna ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, hatsin da aka kawo na ta'aziyya yana ta ja da baya. Indo ta shigo, ta zauna ta yi ta gaisuwa, sannan ta ce, "Malam ya ce wurin maigidanki Malam Haladu a tabarma yana nan. Wai ki ba da kwanon, ko ba komai a ciki." Na ce, "Yaya Indo, kwanon gidan nan bai taɓa fita wayam ba." Ta ce, "To ki zuba mana, wa ya hana ki?" Na ce zan duba. Da ta tafi na ɗauko shi, na ga inda babban yatsansa ya cinye fentin murfin. Na kasa mayarwa.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Kabewar ta nuna. Na yanke ta, na markaɗa 'yar gyaɗa, na tsinko sauran yakuwa. Taushen ya yi yadda yake so, ga kauri ga ɗan tsami. Ina juyawa hawaye na zuba, sai da na kau da kai daga tukunya. Na cika kwanon na miƙa wa Indo ta katanga. Alkawarinsa kawai na cika, ba wani abu ba.

Bayan magariba ta miƙo shi. Da nauyi. Na buɗe: tuwona babu ko loma, taushen an suɗe har gefe. Dambun shinkafa ne a ciki da zogale. Indo ta ce wai Ya'u ne ya suɗe, yana ci yana share ido.

Yara suka zauna. Radiyya ta matsa ta bar min wuri kamar yadda take yi kullum, ni kuma kullum nakan tashi. Yau na zauna.

Indo ba ta iya dambu ba, ya yi ruwa, barkonon ma ya yi kaɗan. Na ƙara yaji a gefena. Gobe zan gaya mata in ta zo karɓar kwano.