Ƙafar Jikata Saude

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin Jos? Muna lafiya a Bungudu, sai dai Saude, jikata da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa.

Da aka haife ta na ce a kai ta asibiti tun ƙashin na da taushi. Ubanta ya ce, "Baba, bokonka ya yi yawa, za ta miƙe." Na ƙyale shi, ni da nake ɗaure duma tun yana ɗanye don ya yi dogon wuya.

Jiya likita a Gusau ya ce shekara huɗu tana taka gefen ƙafar, nauyinta ya gina ƙashin a karkace. Da muka fito ta roƙi takalmi. Na saya, ɗaya kawai ya shiga.

Ku sa ta a addu'a. Gaida Hajiya da yara.

Yayanka,
Garba