Hoton da Baba Ya Hana a Gyara

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan Mama tana fama da gwiwarta, kullum sai ta yi wa matakalar bene faɗa, Auta kuma ya samu makarantar da yake so. Sauran labarin shi ne wanda na kasa faɗa maka a waya, don da na ɗauko shi sai Baba ya kafa mini ido.

Ka san halin Baba a shagonsa na ɗaukar hoto. Duk wanda ya zauna a kujerar nan ta gaban labule, sai ya sa shi ya ɗan karkata kai, ya sauke haɓa, don tabo ko kumburi ya faɗa cikin inuwa. Abin da ya rage kuma ya goge shi kafin hoton ya fita. Yaya, ashe dabarar da ya yi mana ke nan wata da watanni. Mun ga yana zama da kai a karkace, har Auta yana kwaikwayonsa muna dariya, muna cewa aiki ne ya biyo shi gida. Ashe ƙullutu yake ɓoyewa a gefen wuyansa. Sai da abinci ya fara tsaya masa, muryarsa ta dushe, sannan ya yarda muka je asibiti.

Likitar ta ce ciwon daji ne na maƙogwaro, irin wanda wata ƙwayar cuta ke jawowa, kuma irinsa ya fi saurin jin magani. Mama har da hawayen murna. Amma likitar ta ce mu dakata sai an ga ciki. Aka kwantar da shi a wata na'ura mai rami, aka daidaita kansa sak, aka hana shi motsi. Ya fito yana mita, wai wane irin mai hoto ne wannan da ba ya barin mutum ya zaɓi gefensa mai kyau.

Ranar da muka koma, ta kunna mana hoton a allo. Ta ce ba girman ƙullutun kaɗai suke dubawa ba. Suna duba bakin ƙullutun, wato gefensa, ko ya tsaya a iyakarsa ko ya fasa ya shiga naman da ke kusa, sannan su gwada da hotunan waɗanda suka riga Baba jinya, su kintaci inda ciwon ya dosa. Na Baba bakinsa ya yi dishi-dishi. Ta ce magani mai sauƙin da muka sa rai ba zai ishe shi ba, sai an yi wa wurin gashi mai ƙarfi da na'ura haɗe da maganin da ake sawa ta jijiya, wanda zai iya tafiya da muryarsa, kuma duk da haka ba ta yi mana alkawari ba. Baba ya matsa kusa, ya ɗora babban yatsansa a kan wurin a jikin allon kamar yadda yake yi in zai goge tabo, sai ya janye. Ya ce hoton ya fita tas, wannan dishin ba laifin na'ura ba ne. A nan zuciyata ta karye, Yaya. Ba a rufe rana da tafin hannu.

Ka san duk gidanmu babu hoton Baba ko ɗaya, kullum yana bayan kyamara. Jiya ya ce in raka shi shago. Ya kunna fitilu da kansa, ya miƙo mini kyamarar, ya zauna a kujerar. Na ce masa ya ɗan karkata kai, ya ƙi. Ya miƙe wuya, ya ɓalle maɓallin rigarsa, ya ce in ɗauka haka, kada in goge komai, in aika maka. Shi ne wanda ke cikin takardar nan. Gani ya kori ji.

Ba zai ce ka zo ba, wai aikinka yana can. Ni ce nake roƙonka. Ka zo kafin a fara gashin, tun yana iya yi maka faɗa da muryarsa.

Ka gaishe mini da Anti da 'Yar Lukuti, ka ce wa 'Yar Lukuti kakanta yana ajiye da kujerarta. Mama da Auta suna gaishe ku. Baba ma ya gaishe ka, sai da na sunkuya na sa ya maimaita kafin na ji.

Taka ƙanwa,
Mai Sunan Mama