Fatar Maraƙi

Ƙofar Taramniya, Sakkwato.

Ƙanena Jelani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da ɓerayen ɗakin bincikenka a Turai. Mu dai ba lafiya ba.

Baba ya ƙi yarda a cire masa ƙarin kansar da ke wuyansa, kuma kai ka jawo. Wa ya aike ka yi masa bayanin aikinka a waya? Ka ce kuna haɗa ƙwayoyin magani ƙanana da ido ba ya gani, ku lulluɓe su da tantanin cutar kanta, sai ta ɗauka nata ne ta buɗe musu ƙofa. Don ya gane, har ka kawo masa misalin maraƙin da ya mutu, a lulluɓa wa wani maraƙi maraya fatarsa, uwar wanda ya mutun ta sansana ta bar shi ya sha.

Mutumin da ya tsufa a kara yana cinikin shanu ka gaya wa haka! Ya gane sarai. Yanzu cewa yake idan likitoci suka yanke ƙarin suka yar, ina za ka sami fatar? Kullum sai ya shafa shi kamar mai kiwo, kai yake ajiye wa. Tuwo ya daina wucewa, sai kunu.

Kai ka san maganin nan bai wuce ɓeraye ba. Daɗin baki ne ya ɗebe ka, don a ce ɗan Alhaji Jinaidu ya zama wani abu. Ka kira shi ka faɗa da bakinka, ni ba ya jin tawa.

Yayarka,
Karimatu.

Jelani,

Bayan gaisuwa, don ita wajibi ce.

Ka kira, na ji, bayan ka gama jan ƙafa. Da Baba ya ajiye wayar bai yi faɗa ba, hularsa kawai ya nema muka tafi asibiti. Likita ya duba hoton ya ce cutar ta riga ta sauka huhu, aiki ba zai yi amfani ba.

A hanya na yi ta jira ya zage ka, ko zuciyata ta yi sanyi. Bai yi ba. Da muka iso gida ya sa ni rantsuwa in isar maka da saƙo, shi ya sa ka ga takardata. Ya ce ka zo tun yana da rai ka ɗebi abin da kake bukata a wuyansa, ko uban wani ya amfana.

Shi ya yafe maka. Ni ko na zo ɗaukarka a tasha, kada ka yi mini magana.

Karimatu.